Yadda Na Ba Alhaji Garba Mulkin Shekara Arba'in Da Bakwai

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da muka yi taron ƙungiyar unguwarmu a ajin firamare ba. Har yau idan na wuce ta gaban ajin nan sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar suruka.

Unguwarmu tana bayan Maitumbi ne, irin sababbin unguwannin nan na Minna da kowa ya sayi fili ya gina iya ƙarfinsa. Mun haɗa kowa da kowa. Akwai 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da suka taso daga cikin gari, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai kuma mutanen da muka tarar suna noma wurin tun kafin a san za a yi gini. Abin da ya haɗa mu ƙungiya ba wani abu ba ne illa taransifoma mai yawan suma, da kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina, da 'yan sintiri. Kuma don a zauna lafiya ranar Asabar muke taro, tunda Juma'a ta wasu ce, Lahadi ta wasu.

Ni ne sakatare. Ba don na fi kowa iya rubutu aka zaɓe ni ba. Laftof gare ni, shi ke nan. Na saye ta hannu a wurin wani ɗalibi da ya gama karatu a jami'ar da ke Gidan Kwano zai koma garinsu, kuma tun daga ranar na ɗauki kaina masanin kwamfuta. (Gaskiyar magana, abin da na iya bai wuce in buga jarrabawar ɗalibaina ba, don ni malamin sakandare ne, sai kuma in canza wa haruffa launi. Amma a unguwa idan wayar wani ta ƙi kunnuwa ni ake kawo wa, ni kuma in juya ta in ce, "Matsalar sofwaya ce.")

A lokacin ƙungiyar ta kusa rabewa biyu. Shugabanmu Alhaji Garba, mai shagon kayan gini, jikan mutanen da suka zo Minna da aikin reluwe, ya daɗe a kan kujera saboda babu wata doka da ta ce ya sauka. Mutum ne mai haƙuri, shi yake bin ma'aikatan wuta da ƙafarsa, amma dai ya daɗe. Baba Danjuma kuwa, tsohon hedimasta mutumin Paiko, wanda rabin filayen unguwar gonar kawunsa ce a da, ya ce ba zai ƙara zama a ƙungiyar da shugabanta ba shi da ranar sauka ba. Kuma idan Baba Danjuma ya fita ba shi kaɗai zai fita ba, duk gidajen layin coci za su bi shi, 'yan sintirin ma yawancinsu yaransa ne. Sai aka yi sulhu a kan cewa a rubuta tsarin mulki da Hausa, yadda kowa zai fahimta, a karanta a gaban jama'a, a amince.

Aka ɗora mana aikin ni da Barista Ladi. Barista Ladi lauya ce da ke zaune a ƙarshen layinmu, mace mai ƙarancin magana, wadda idan ta cire tabarau ta dube ka sai ka fara tuno laifuffukan da ka yi tun kana yaro. Ita take tsara dokokin, ni nake bugawa. Da muka kusa gamawa sai ta kira ni a waya.

"Sakatare, don Allah ka sa wa kowane layi lamba kafin a buga. Idan mutum yana da gyara sai ya ce layi na kaza, ba sai an tsaya ana neman wuri ba. Ka kuma faɗa mini layi nawa ne gaba ɗaya. Ka san yadda ake yi ko?"

"Haba Barista," na ce, har da 'yar dariyata. "Wannan ai ƙaramin abu ne."

Wallahi ban san yadda ake yi ba. Ban ma san cewa akwai yadda ake yi ba. A tunanina duk wata takarda mai lamba a gefen layi da na taɓa gani, wani bawan Allah ne ya zauna ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, sai na ji har ina tausaya wa masu aikin kotu.

Na fara da ƙirga. Na ɗauko rular da nake shiga aji da ita na kanga a fuskar laftof, ina sauke ta layi layi ina ƙirgawa a baki. Na ƙirga na samu wani adadi, na sake ƙirgawa na samu wani daban. Na uku ina tsakiya mai ɗakina ta leƙo ta ce ruwan wanka na hucewa, lissafi ya tsere. Sai na ce to, bari in sa lambobin kawai, lambar ƙarshe ita ce amsa.

Nan na gane kwamfuta ma tana da taurin kai. Sai in kai alama farkon layi in buga lamba, lambar ta yi tsalle ta koma ƙarshen layin sama. In turo ta da dogon madannin nan na ƙasa, tak, tak, tak, har ta faɗo inda nake so. Ita kuma da ta faɗo sai ta ture kalmar ƙarshe zuwa layin gaba, layin gaban ya ture na gabansa, kamar fasinjojin motar Paiko ranar kasuwa idan an cusa mutum ɗaya. Haka na bi takardar nan mai shafi goma sha wani abu, duk yammacin da na dawo daga makaranta, ina turi ina ja. Mai ɗakina ta tsaya a kaina wata rana ta ce, "Malam, anya wannan injin da ka ce yana lissafin zuwa wata bai iya ƙirga layi da kansa ba?" Na ce mata harkar kwamfuta ba a yi mata gaggawa.

Ban gama murna ba Alhaji Garba ya kira, wai a ƙara jimla ɗaya a gabatarwa, a gode wa iyayen ƙasa. Jimla ɗaya tal, a shafin farko. Duk lambobin da ke ƙasanta suka rushe. Na sake bi daga sama. Sai Baba Danjuma ya aiko a cire kalmar "mai girma" daga gaban sunan shugaba. Na sake bi. A raina ina cewa lallai Allah zai ba ni lada, irin wannan hidima da nake wa al'umma.

Da na kammala, abin ya yi kyau ƙwarai a fuskar laftof ɗina. Lambobi sun jeru a gefen hagu kamar sojoji. Na ma zaɓa wa takardar wani salon haruffa mai lanƙwashe-lanƙwashe da na tarar ɗalibin nan ya bari a ciki, don a san ba aikin yara ba ne. Na tura wa Barista saƙo cewa layi ɗari biyu da tamanin da shida ne. Ta amsa da "Sannu da ƙoƙari." Takardar kuwa ban tura mata ba, na fi so ta gani a taro tare da kowa.

Ranar Asabar da hantsi na kwafe ta a filash na kai shagon buga takardu a bakin titi. Wurin cike yake da masu neman aiki da masu katin biki. Na miƙa filash na ce a buga a yi kwafi na mutum sittin, a danne da sitefila, na wuce neman ruwan leda da za a raba a taro. Da na dawo an zuba su a babbar ambulan. Na karɓa na saƙale a babur. Ban buɗe ba. Me zan duba? Ni na yi abina da hannuna.

Ajin ya cika har taga. Manya sun matsu a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya ƙara tasa, aka raba takardu. Ni kuma na miƙe a gaba, na buɗe laftof a kan teburin malami yadda kowa zai gan ta, na gyara hula na yi jawabi. Na ce wannan takarda an tsara ta ne bisa tsarin zamani. Na ce kowane layi yana da lambarsa. Na ce ba kowace ƙungiya ce take da wanda zai iya mata irin wannan ba. (E, na faɗi haka. Da bakina. Akwai shaidu sittin.)

Ina cikin magana na lura babu mai kallona. Kowa ya sunkuya a kan takardarsa, wasu suna juya ta, wasu suna leƙa ta maƙwabci. Na ɗauka sha'awa ce.

Baba Danjuma bai tsaya karanta gabatarwa ba. Kai tsaye ya buɗe sashen da ya kawo shi. Sai ya miƙe a hankali.

"Sakatare, dakata. Jama'a ku saurara." Ya gyara murya irin ta hedimasta ya karanta: "Shugaban ƙungiya zai riƙe muƙaminsa na tsawon shekara arba'in da bakwai biyu, kuma idan jama'a sun gamsu da aikinsa za a iya sake zaɓensa sau arba'in da takwas ɗaya."

Ya ɗago ya dubi Alhaji Garba.

"Shekara arba'in da bakwai!" ya ce. "Sau arba'in da takwas! Alhaji, wannan shi ne sulhun? Ko sarauta ce muka zo naɗawa ba a faɗa mana ba?"

Sai wuri ya ruɗe. Mutanen layin coci suka miƙe. Wani daga baya ya ce dama ya sani, sakatare kullum yana shagon Alhaji. Wani ya ce a tambaye shi buhun siminti nawa aka ba shi. Alhaji Garba ya duba takardarsa, ya dube ni, fuskarsa ta yi wani iri. Dattijon da bai taɓa ɗaga murya ba ya ce, "Malam, me na yi maka? Yaushe na ce ka rubuta haka?"

Da a nan na karɓi takarda na duba, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Sai na duba fuskar laftof ɗina, inda komai yake zaune daram, lamba a gefe, "shekara biyu" a wurinta. Na ɗago da ƙarfin gwiwar mai gaskiya na ce, "Baba, da girmanka, babu wannan a takardar nan. Wataƙila tabarau ne ya kamata a canza."

Na ce wa tsohon hedimasta, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa, ya canza tabarau.

Ya tako tsakanin benci har gabana ya ɗora takardar a kan madannan laftof ɗin, ya sa yatsa a wurin. Na duba. Haruffana masu lanƙwasa babu su, wasu ne daban ƙanana, don kwamfutar shagon ba ta da irin nawa sai ta sa nata. Layuka duk sun sake zama. Sojojin da na jera a gefe sun watse sun shiga cikin jama'a, wannan a tsakiyar jimla, wancan a ƙarshe, ga manyan gibi inda na yi ta tak, tak, tak. Kuma ga shi baƙi a kan fari: shekara 47 biyu. Sau 48 ɗaya.

Gumi ya tsattsafo mini har cikin hula. Na so in yi bayani, amma bayanin yana nufin in faɗa wa mutum sittin cewa masanin kwamfutar unguwa da rula yake ƙirga layi. Wasu sun riga sun fara fita. Na ga ƙungiyar da aka sha wahalar ɗinkewa tana yagewa a hannuna.

Sai na ji an ƙwanƙwasa benci da biro. Barista Ladi ce. Ba ta ko miƙe ba.

"Baba Danjuma, don Allah kafin kowa ya fita. Lambar da ke bin arba'in da takwas a takardarka, nawa ce?"

Ya ɗauki takardar ya duba. "Arba'in da tara."

"Ta gaba fa?"

"Hamsin."

"Wadda ke kafin arba'in da bakwai?"

Ya bi da yatsa, arba'in da shida, arba'in da biyar, sama, sama, har ya koma shafin farko. "Ɗaya," ya ce a hankali.

"Lambobin layi ne, Baba. Wurin bugawa suka zame suka shiga cikin rubutu. Ka tsallake su ka karanta, shekara biyu ce, sake zaɓe sau ɗaya, yadda kuka yi yarjejeniya." Sai ta cire tabarau. Na ce shi ke nan, yau za a yi mini shari'a. Amma jama'a ta duba, ba ni ba. "Kuma laifin nawa ne. Ni na ce a sa lamba, ni ce lauya, ya kamata in ga takardar kafin a kai shago, ban nema ba. Ku yi haƙuri."

Ba ta ce uffan a kan yadda lambobin suka samu kansu a wurin ba. Ta sani sarai. Duk wanda ya san kwamfuta kallo ɗaya zai yi wa gibin nan ya gane aikin hannu ne. Ta ɗauki rabin kayan ta ɗora a kanta, alhali ko tsinke ba nata ba ne.

Wanda ya fara dariya wani makanike ne a bayan aji. Ya ce, "To ku duba shafi na biyu! Kowane maigida zai iya zuwa taro da matarsa talatin da ɗaya!" Liman ya ce shi dai bai san wannan mazhabar ba. Wata mata ta gano inda aka ce ba a yarda kowa ya saki akuya ɗari da goma sha biyu a unguwa ba, ta ce alhamdulillahi, nata bakwai ne, doka ba ta hau kanta ba. Waɗanda suka fita suka dawo jin abin da ake wa dariya. Baba Danjuma ya yi ta ƙoƙarin riƙe fuska, har abin ya ci ƙarfinsa, ya zauna a kan benci yana share hawaye. Ya miƙa wa Alhaji Garba hannu ya ce, "Alhaji, na zarge ka a banza. Ka yafe ni." Alhaji ya ce, "Ni da nake neman wanda zai karɓe ni in huta? Shekara arba'in da bakwai ina bin 'yan wuta, ai sai dai gawata."

Aka tashi sallar la'asar. Da na dawo na tarar Barista zaune a gaban laftof ɗina, ajin babu kowa sai mu biyu. Ta ce, "Sakatare, zo ka gani." Murya ƙasa ƙasa, kamar tana ba ni labarin wani.

Ta fara da share lambobina. Ta buɗe wani ɗan akwati ta ce wa kwamfuta ta nemo duk wata lamba ta goge, sai gibin ma ta bi da su. Allah ya taimake ni duk adadin da ke cikin dokokin da kalmomi muka rubuta su. Kafin in ƙifta ido, wahalar da na sha duk ta tafi. Sai ta hau sama ta danna wani wuri da aka rubuta lambobin layi da Turanci ƙarara, wurin da idona ya wuce ta kansa ba adadi. Lambobi suka fito a gefe, tsaf, kowanne a gaban layinsa. Ta ƙara kalma a shafin farko don in gani, suka gyara kansu da kansu. Ta danna ƙasa inda ake nuna yawan kalmomi, wani akwati ya buɗe, ga shafi nawa, ga kalma nawa, ga layi nawa.

"Af," ta ce, "naka lissafin ma ka yi tsalle daga ɗari da hamsin da tara zuwa ɗari da saba'in. Na gani a takarda." Ta ɗan murmusa. "Amma ka yi haƙuri da yawa. Da ni ce, da ban kai shafi na biyu ba."

Ta nuna mini yadda ake mayar da takarda PDF, yadda ko a kwamfutar wa aka buɗe ba abin da zai motsa. Ta sa na maimaita komai da hannuna har na iya. Na ce, "Barista, ban san da wane baki zan gode miki ba." Ta ce, "Ka je ka ba Baba haƙuri a kan tabarau. Wannan ba zan iya ɗaukar maka ba."

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaron makarantar. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na faɗa masa gaskiyar yadda aka yi, har da rular. Na ce idan jama'a sun dawo zan ajiye muƙamin sakatare. Ya dube ni ta saman tabaran nan da na ce a canza, ya ce, "Ka ajiye wa ya ɗauka? A ina za mu sake samun wanda zai zauna ya ƙirga layi ɗari biyu da hannu, sau uku, ba ko sisi? Tashi, ɗana. Wauta ce ka yi, ba cin amana ba. Mai wauta ana koya masa."

Da aka koma aji, daga fuskar laftof na karanta tsarin mulkin, jama'a na bi a takardunsu suna tsallake lambobi, wani lokaci da gangan wani ya ƙi tsallakewa a sake fashewa da dariya. Sashen da aka yi wata da watanni ana faɗa a kansa ya wuce babu ko musu ɗaya. Ina jin bayan mutum ya ji shekara arba'in da bakwai, shekara biyu sai ta zo masa kamar kyauta. Alhaji Garba ya ƙarasa wa'adinsa ya sauka da mutuncinsa, layin coci ba su fita ba, kwalbatin ma an gina shi daga baya.

Mutum uku nake yi wa addu'a duk lokacin da abin ya faɗo mini a rai. Alhaji, da aka zarge shi saboda ni bai taɓa goranta mini ba. Baba Danjuma, da na ci fuskarsa ya kira ni ɗansa. Da Barista, wadda ta ga tsiraicin ilimina ta lulluɓe shi da nata zanen.

Abin da na koya kuwa, idan ka ga kana zufa a gaban kwamfuta ita tana hutawa, to an yi musayar matsayi, tashi ka nemi wanda ya sani. Ban dai warke gaba ɗaya ba, don har yanzu "ban iya ba" tana yi mini nauyi a baki. Amma na samo dabara. Yanzu idan aka ce, "Sakatare, ka san yadda ake kaza?" sai in gyara zama in ce, "Na sani mana. Amma nuna mini yadda kake yin naka, in ga ko iri ɗaya ne."